Kamfanonin Magunguna Sun Fara Rage Dogaro da Ɓeraye da Birai

A cikin kowaɗanne sababbin magunguna 10 da suka tsallake gwaji a jikin dabbobi aka fara jarraba su a kan mutane, kimanin 9 ba sa kaiwa kasuwa. Wasu ba sa warkarwa, wasu kuma illa suke yi wa hanta ko zuciya. Kuɗin da aka narkar a kansu kuwa, a kan farashin waɗanda suka yi nasara ake fanshe shi.

Wannan asarar ce ta sa manyan kamfanoni suka karkata ga rainon ƙwayoyin halittar ɗan Adam a ɗakin bincike, har su zama ɗan ƙaramin samfurin hanji, hanta ko huhu da za a gwada magani a kansa. A shekarar 2009 ne masana a ƙarƙashin Farfesa Hans Clevers, a birnin Utrecht na ƙasar Holan, suka raini irin wannan ɗan hanji, amma daga ƙwayoyin halittar ɓera. A 2010 kuma Cibiyar Wyss ta Jami'ar Harvard ta fito da wata 'yar na'ura mai kwaikwayon huhu, wadda ba ta wuce girman yatsa ba, iska da ruwa na bi ta cikinta.

A 2022 kamfanin Emulate na Amurka ya gwada magunguna 27 a kan samfurinsa na hanta, ya kuma ba da rahoton gano kashi 87 cikin 100 na masu lahani, waɗanda a baya suka tsallake gwajin dabbobi. Sai dai mai haja ne ke yabon hajarsa, don haka ana bukatar wasu masanan su tabbatar.

Doka ma ta sauya. A watan Disamba na 2022 Shugaba Joe Biden ya sa hannu kan dokar da ta janye tilascin gwajin dabbobi kafin a gwada magani a kan mutane. Da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sanar, a Afrilun 2025, cewa za ta rage irin wannan gwaji sannu a hankali, hannun jarin kamfanin Charles River, mai sayar da dabbobin gwaji, ya faɗi da fiye da kashi 25 cikin 100 a yini guda.

Amma hantar da ke cikin na'ura ba ta da ƙoda a kusa da ita, balle ta nuna abin da magani zai yi wa jiki gaba ɗaya cikin shekaru. Duk da haka, kamfanin Roche ya buɗe cibiya ta musamman domin wannan aiki a birnin Basel a 2023.