Albashin da Ba Ya Kai Ƙarshen Wata

A shekarar 2020 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da ma'aunin talauci: duk wanda abin da yake kashewa a shekara bai kai naira 137,430 ba, matalauci ne. A Oktoban 2024 kuma gwamnatin Kano ta amince da naira 71,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi. Ƙaramin ma'aikaci da ke zaune a unguwar Yakasai da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu zai samu naira 852,000 a shekara. In aka raba shida, kowa ya tashi da 142,000. A takarda dai ya tsallake.

Sai dai an yanka ma'aunin ne lokacin da litar fetur take naira 145. Bayan janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar ta haura dubu kafin ƙarshen 2024, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin ɗari.

A lungunan cikin birni ake ganin abin da lissafin ya ɓoye. Famfo ya daɗe da ƙafewa a unguwanni da yawa, don haka kafin a yi maganar cefane sai an sallami ɗan garuwa da ya turo kura. Ga gawayi, ga kuɗin adaidaita sahu, ga kuɗin Islamiyya. Magidancin da ya saba sauke buhu ya koma awon kwano, daga baya rabin kwano. Wasu gidajen sun koma cin afafata, ɓarzajjiyar shinkafar da a da kifi ake ba wa. A Fabrairun 2024 mata masu gurasa suka fito zanga-zanga kan tsadar fulawa, kuma dukansu masu sana'a ne.

Abin da ya fi ciwo shi ne irin wannan gida ba ya roƙo. Maigida na fita da wankakkiyar riga, maƙwabta na cewa asirinsa a rufe yake, idan ana rabon tallafi kuwa a tsallake shi, wai ai yana da aiki. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da yaro, a kemis ake sayen rabin magani, sauran sai kwasar adashi ta zagayo. In ta yi nisa, uwargida ta aika a kira dillaliya ta shigo bayan magariba, ta fita da atamfar lefe a ƙarƙashin mayafi.