Baƙin Allon Da Ke Gadin Bayanan Ofis

Sakamakon jarrabawar ɗalibi a jami'a irin ta Abubakar Tafawa Ɓalewa, ko katin majinyaci a asibitin koyarwa, ko lissafin albashi a sakatariyar jiha, duk wanda aka mayar cikin kwamfuta a kan faifan ajiya yake kwana. Manyan kwamfutocin ofis, waɗanda ma'aikata ke kira saba, ba sa dogara da faifai ɗaya. Ana jera huɗu ko takwas a haɗa su da dabarar RAID, wadda masana uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka bayyana a 1988. A tsarin RAID 5 faifai ɗaya na iya mutuwa ba a rasa komai ba, a RAID 6 kuwa har biyu.

To, a nan gizo ke saƙa. Faifai ya mutu, aiki bai tsaya ba, kowa na ta buga takardunsa, ba wanda ya sani. Ranar da na biyu ya bi sahu a RAID 5, komai ya tafi.

Mai tona wannan asiri wata ƙaramar manhaja ce marar hoto, marar maɓallin latsawa: a rubuta mata umarni a baƙin allo, ta amsa da rubutu. Sabar da ke da katin RAID samfurin MegaRAID na kamfanin Broadcom tana amfani da StorCLI, ta Dell da perccli, ta HPE da ssacli. Inda babu katin, Linux na da mdadm.

Saka StorCLI ba ya cin lokaci. Injiniya zai sauko da ita daga shafin kamfanin, ya girka da umarnin rpm ko dpkg, gwargwadon irin Linux ɗinsa, ya same ta a /opt/MegaRAID/storcli. Yana rubuta storcli64 /c0 show, sai jerin faifai ya fito, kowanne da halin da yake ciki. Optl na nufin rukunin faifan lafiya lau. Dgrd kuwa faifai ya faɗi, saura ƙiris. Umarnin start locate yana sa fitilar mataccen faifan ta yi ta ƙyaftawa, don kada a zare mai rai bisa kuskure. Ba ƙaramin abu ba ne wannan, domin zare lafiyayye daga rukunin da ya riga ya raunana shi ne ƙarasa shi.

A Bauchi akwai ƙarin dalilin amfani da manhajar. Zafin Maris da Afrilu yana gasa ɗakin saba da zarar na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, ƙurar hunturu tana toshe fanka, ga ɗauke wuta da komawa kan janareta. Katin RAID yana da ɗan batirinsa da ke riƙe bayanan da ba su kai faifai ba lokacin da wuta ta yanke. Zafi na rage masa kwana, kuma idan ya mutu katin kan koma rubutu a hankali. Sai a ji ana cewa intanet ne ya yi nauyi, alhali umarnin /c0/bbu show zai faɗi gaskiya nan take.

Da yake rubutu ne zalla, ko siginar waya mai rauni ta isa injiniya ya leƙa sabarsa ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, yana gida a Gwallameji. Mai dabara ma yakan sa cron, mai gudanar da umarni a kan jadawali, ya riƙa dubawa kowace safiya ya turo masa saƙo.

Sai dai manhajar ba ta tausayi: umarnin del yana iya share rukuni ɗungurungum. Kuma RAID ba ya dawo da abin da aka goge ko wanda ƙwayar cutar kwamfuta ta kulle, don haka kwafi na daban wajibi ne, balle dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora wa masu riƙe bayanan jama'a alhakin kare su daga salwanta. Tunda faifan saba yawanci sai an yi odarsa daga Legas ko Abuja, gara a sayi ɗaya tun yanzu a saka shi da add hotsparedrive, ya karɓi aikin wanda ya faɗi ko da tsakar dare ne.