Kafin sirdi, shebur: yaran titin Fletcher da dawakin da aka ƙwato daga hannun mahauta

Kowace Litinin kasuwar dabbobi tana ci a wani ƙaramin gari mai suna New Holland, a jihar Fensilbaniya ta Amurka, tafiyar wajen awa ɗaya da rabi a mota daga birnin Filadelfiya. Yankin manoman Amish ne, mutanen nan da har gobe da dawaki suke noma, da su suke sufuri. Idan dokin garma ya tsufa, ko na keke ya fara ɗingishi, nan ake kai shi. Haka ma dawakin tsere da gudunsu ya ja baya. A cikin masu tayi akwai dillalan da ba ruwansu da takun doki ko halinsa, nauyinsa kawai suke dubawa. Tun 2007 aka rufe mayankar dawaki ta ƙarshe a Amurka, don haka manyan motoci ke kwasar su zuwa Kanada ko Meziko, a can a yanka.

A wannan kasuwa ce mahayan titin Fletcher suka daɗe suna sayen dawakinsu. Baƙaƙen fata ne daga unguwar Strawberry Mansion a arewacin Filadelfiya, unguwar talakawa wadda ta yi suna wajen harbe-harbe da fataucin ƙwaya. Sukan ƙara wani abu a kan tayin mahauta, su ɗauko doki, su kai shi barga a tsakiyar gari, tsakanin gidajen haya da kangaye. A kan waɗannan dawaki ne yaran unguwar suke koyon hawa.

Ni dai ta fim labarin ya iso mini, kamar yadda ya iso wa da yawa daga cikinmu. A watan Afrilun 2021 Netflix ta saki Concrete Cowboy, wanda aka gina a kan littafin Greg Neri mai suna Ghetto Cowboy. Idris Elba ne ya fito a matsayin uban. Namu ne ta wajen uwa, don mahaifiyarsa 'yar Gana ce. Labarin wani yaro ne da aka kora daga makaranta a Ditroit, uwarsa ta gaji, ta kawo shi ta sauke a ƙofar ubansa. Ya shiga ɗaki sai ya tarar da doki a tsaye a falo. Wasu daga cikin waɗanda suka fito a fim ɗin ba 'yan wasa ba ne, mahayan unguwar ne na gaske. A matsayina na malamin aji, abin da ya riƙe ni shi ne aikin farko da aka ba yaron. An miƙa masa shebur da baro aka ce ya kwashe kashin dawaki, kuma ya daɗe yana kwasa kafin ƙafarsa ta ga likkafa.

Al'adar ta girmi fim ɗin nesa ba kusa ba, ta haura shekara ɗari. Lokacin da baƙaƙen fata suka yi ta ƙaura daga kudancin Amurka zuwa biranen arewa a farkon ƙarni na 20, sun zo da sanin dabba a hannunsu. A Filadelfiya su ne masu kekunan doki da ke raba madara da ƙanƙara da kayan miya gida-gida. Da mota ta zo sana'ar ta mutu, amma wasu suka ƙi rabuwa da dawakin. A 2004 wani dattijo, Ellis Ferrell, wanda ake wa laƙabi da El-Dog, ya kafa ƙungiya mai suna Fletcher Street Urban Riding Club domin a riƙa jawo yaran unguwa cikin harkar bisa tsari. Babban filin shaƙatawa na Fairmount yana nan kusa, can suke fita kilisa.

To, me ya sa shebur kafin sirdi? Wani zai ce ai wayon manya ne, a samu mai share barga kyauta. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ba na musu. Amma duk wanda ya tashi a gidan da ake da turke ya san dokin da aka sayo daga irin wannan kasuwa ba abin ɗora wa yaro ba ne a ranar.

Da farko ma sai an keɓe shi mako biyu ko uku, saboda kasuwa matattarar cuta ce, musamman wata cutar maƙogwaro mai saurin yaɗuwa da kan kumbura ƙasan muƙamuƙi. Idan ya zo a rame, haƙarƙari a waje, tausayi zai ce a cika masa kwarya da hatsi, alhali hakan na iya kashe shi cikin 'yan kwanaki. Ingirici ake ba shi kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini, ana ƙarawa sannu a hankali, kuma sai an yi watanni kafin ya murmure. Doki ba ya iya amai. Abin da ya shiga ya shiga, shi ya sa ciwon ciki ke kayar da ingarma cikin dare guda. Lafiyayyen doki mai kilo 500 yana cin wajen kilo 10 na ciyawa busasshiya a rana, ya sha ruwa lita 20 zuwa 40. Kofatonsa yana bukatar gyara duk mako shida zuwa takwas. Ba Sallah, ba Lahadi, ba ranar da ya ce yau na yafe.

Sannan ga hali. Dokin tsere abu ɗaya aka koya masa, wato gudu. Wani ma in ka ja linzami sai ya jingina da shi ya ƙara wuta, domin haka ya saba da mahayinsa na da. Dokin keken Amish kuwa mai yiwuwa bai taɓa jin nauyin mutum a gadon bayansa ba. Wanda aka taɓa duka a ka, kana ɗaga hannu zai zabura. Kowanne sai an sake masa karatu daga baƙi, kuma manyan mahaya ne ke wannan, ba yara ba.

Cikin watannin nan ne yaro ke koyon abin da ba a koyonsa daga kan sirdi. Yana shara, yana ɗebo ruwa, yana goge jiki, yana taje geza, yana ɗaga ƙafa ya ƙwaƙule tsakuwa daga kofato. Ya gane cewa idon doki a gefe yake, yana ganin kusan ko'ina sai dai bayansa tsaf da kuma dab da goshinsa, saboda haka ta kafaɗa ake tunkararsa, ana yi masa magana. Ya gane in kunnuwa suka kwanta baya, to a ja jiki. Daga nan a ba shi ragama ya ja doki a ƙasa, ya tsayar da shi, ya juya shi. Sai an ga hannunsa ya faɗa kafin a koya masa ɗaura sirdi da jan majayi, ya hau wani na riƙe masa da igiya, tafiya tukuna, sannan sassarfa. Sukuwa tana can gaba.

Abin da na gani a nan, wanda ya shafi sana'ata, shi ne doki ba ya jin barazana irin tamu. Yaron da ya saba samun abin da yake so da tsawa, ko da kumbura fuska, in ya kawo wa doki wannan sai dokin ya ja baya ko ya kafe. Dabba ce mai nauyin mutum bakwai, ba ya turuwa. Dole yaro ya sauke murya, ya sassauta kafaɗa, ya jira. A kwalejin horon malamai an yi mana darasi a kan darasi game da yadda ake sa yaro ya mallaki kansa. Wallahi ban ga hanyar da ta kai wannan sauri ba, don sakamakon nan take yake, kuma ba daga bakin babba ya fito ba balle yaro ya ce an tsane shi. Ina da irin waɗannan yara a ajina, waɗanda minti goma kan benci azaba ce gare su, amma ka ba su ragon layya su yi kiwo, sai ka rantse ba su ba ne.

A cikin wannan fili na Fairmount akwai wata barga da ta ɗauki tunanin ta yi masa ƙa'ida a rubuce. Sunanta Work to Ride, wato yi aiki ka hau, wata mata mai suna Lezlie Hiner ce ta kafa ta a 1994. Yaro ba ya biyan ko sisi, da guminsa yake biya, kuma sai ya riƙa kawo sakamakon makaranta an gani; in maki ya faɗi, hawa ya tsaya. Can suka fara koya wa yaran folo, wasan da a Amurka na 'ya'yan masu hannu da shuni ne. A 2011 Kareem Rosser da ƙanensa Daymar da abokinsu Brandon Rease suka ci kofin folo na makarantun sakandare na ƙasar baki ɗaya, karo na farko ke nan da ƙungiyar baƙaƙen fata zalla ta ci shi. Kareem ya wuce jami'ar jihar Kolorado, ya sake cin kofin jami'o'i a 2015. Ya kuma rubuta tarihin rayuwarsa, inda bai ɓoye cewa ba duk wanda suka fara tare ne ya tsira daga titi ba. Doki ba laya ba ne. Yaro yakan bar barga da magariba ya koma unguwar da ya fito.

Kada kuma mai karatu ya ɗauka komai na titin Fletcher abin yabo ne. A hotunan mahayan da suka bazu a duniya, sau da yawa za ka ga yara suna sukuwa ba hular kwano, wasu ma ba sirdi. Yana da kyau a ido, amma ni da nake da amanar 'ya'yan mutane gabana faɗuwa yake. Faɗuwa daga doki a kan kwalta ba ta da maraba da faɗuwa daga babur. Kuma riƙe doki a cikin gari da aljihun talaka, wani lokaci linzami ne ya fi ƙarfin bakin kaza: kuɗin ciyawa, kuɗin likitan dabbobi, kuɗin mai gyaran kofato, ga sanyin hunturu da ƙanƙara. A 2008 hukumomin birnin sun rusa wasu daga cikin bargogin bayan zargin cewa ba a kula da dawakin yadda ya kamata. Mahayan sun musanta, suka ce filin ake so.

Ko ma dai mene ne, fili shi ne wuyan maganar. Yawancin wuraren da mahayan suka shekara suna amfani da su ba mallakarsu ba ne, kangaye ne da ba wanda ya damu da su lokacin da unguwar ba ta da daraja. Da ƙasa ta fara tsada sai masu takarda suka bayyana. Filin da dawakin ke kiwo a tsallaken titi, hukumar gidaje ta birnin ta karɓe shi domin gina wa tsofaffi masu ƙaramin ƙarfi matsuguni. Wa zai ce kada a gina wa tsoho ɗaki? Ba kowa. Sai dai doki ba ya kiwo a kan bene, kuma ranar da barga ta koma bayan gari, yaron da ba shi da kuɗin mota ya rabu da ita ke nan.

Nan ne abin ya taɓo mu. Mu ma a Ankara, babban birninmu, an yi filin sukuwa a tsakiyar gari, dattawan zango suna ba da labarinsa. Yau katafaren otal ne a wurin. Dokin da yawancin yaranmu na kudu suka sani shi ne na bakin teku a Labadi, wanda ake biya a hau a ɗauki hoto a sauka. In ka je ranar hutu, duba waɗanda ke jan ragamar, da yawansu sa'o'in ɗalibaina ne. Suna da hannu, sun san dabba, amma ba wanda ke tambayarsu sakamakon jarrabawa. A arewa kuwa, duk wanda ya ga Damba a Tamale ko Yendi ya san har yanzu akwai masu sa doki rawa da kiɗa. Sanin yana nan, yana hannun mutane ƙalilan, kuma galibinsu sun manyanta. Mukan ji malamai a wa'azi suna kawo maganar da ake jingina wa Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ta a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Mukan gyaɗa kai, a shafa fatiha, a tashi.

Iyaye kan tambaye ni ko akwai laifi a ɗora yaro kan dokin bakin teku. Abin da nake ce musu shi ne su duba dokin tukuna. A roƙi mai shi, cikin mutunci, ya ɗan ɗaga jalalar sirdi a ga ko akwai miki a baya ko wajen da majayi ke bi. A duba gefen baki, inda linzami ke yanka. A sa shi ya taka a gani. In yana sunkuyar da kai yana ɗagawa da kowane taku, ƙafa ce ke masa ciwo. A tambaya yaushe ya sha ruwa. In an ga miki a haƙura, a ba yaron mai ragama ɗan abin da ya sauwaƙa, a ce ya sauke sirdin dokin ya huta. In kuma lafiya lau yake, kafin a ɗaga yaro sama a bar shi ya tsaya ta wajen kafaɗa, ya miƙa bayan hannu dokin ya shinshina, ya tambayi sunansa.