Karen da ke susa ba baƙin mai yake buƙata ba

Duk wanda ya taɓa ajiye kare, na gadi ne ko na farauta, ya san ƙarar nan ta tsakar dare: ƙafar baya tana bugun ƙasa, kare yana susa kamar zai yage fatarsa. Da gari ya waye sai a ga gashi a zube, gindin wutsiya ya yi jawur. Nan da nan sai a yanke hukunci cewa ƙazuwa ce, a aiki yaro wurin bakanike ya samo baƙin mai, a mulke kare da shi daga kai har wutsiya. Wasu kananzir suke zubawa, wasu fiya-fiya ko Sniper. Don Allah a bari. Baƙin man da aka juye daga inji cike yake da guba, kare kuwa da harshe yake wanka, saboda haka duk abin da aka shafa masa a cikinsa zai ƙare. Sniper maganin ƙwari ne mai ƙarfi da ke ratsa fata, ya sa kare dalalar da yawu da makyarkyata, wani lokaci har mutuwa. Mai shafawar ma bai tsira ba.

Ƙaiƙayi alama ce kawai, kuma abubuwan da ke kawo shi suna da yawa. Babba daga cikinsu shi ne abin da likitoci ke kira alaji, wanda muka fi sani a jikin mutum da borin jini: jiki ya ɗauki wani abu marar lahani a matsayin abokin gaba, ya tayar da faɗa a kan fata.

A fara da ƙuma, domin wannan ɗan ƙwaro shi ya fi kowa laifi kuma shi aka fi wankewa daga zargi. Mai kare zai rantse ya duba bai ga ko ɗaya ba. Gaskiya ya faɗa, amma karen da jikinsa ya ƙi yawun ƙuma, cizo ɗaya ko biyu ya isa ya hana shi barci kwanaki, kuma garin cizon kansa yakan haɗiye ƙwaron kafin kowa ya gani. Wurin da ciwon yake shi ke tona asiri: ƙarshen gadon baya, gindin wutsiya da bayan cinyoyi. Ga gwaji mai sauƙi. A tsefe gashin da matsefi mai ƙananan haƙora, a zuba baƙin garin da ya fito a kan farin ƙyalle mai laima. Idan ya narke ya koma ja, kashin ƙuma ne, jinin karen ne da ya bushe. Macen ƙuma tana iya saka ƙwai har 50 a rana, kuma ƙwan ba ya zama a jikin kare, zubewa yake a tsumman kwanciyarsa, cikin tsagun siminti da rairayin inuwar da yake kwanciya. Shi ya sa wanka kaɗai ba ya raba shi da su. Sai an wanke shimfiɗar da ruwan zafi, an share keji, an kuma yi wa dukkan dabbobin gidan magani tare. Akwai ƙwayoyin haɗiya irin su NexGard da ake ba da shi wata-wata, da Bravecto da ke kai mako 12. Sai dai a kula, maganin ɗigawa na kare mai ɗauke da permethrin yana iya kashe kyanwa.

Kashi na biyu na alaji ya fi wuyar sha'ani, wato karen da jikinsa ya ƙi abubuwan da ke cikin iska da ƙura: garin furen ciyawa, fumfuna, da wasu ƙananan ƙwari na cikin ƙurar ɗaki waɗanda ido ba ya gani. Yawanci yana farawa tsakanin wata 6 da shekara 3, kuma gado na da hannu a ciki. Irin su German Shepherd da Labrador, waɗanda masu hali ke saya da tsada, suna cikin waɗanda ya fi kamawa. Irin wannan kare lasar tafin ƙafa yake yi ba ƙaƙƙautawa, yana goga fuska a bango, hammata da mara su yi ja, kunne ya riƙa wari yana kaɗa kai. Wani da damina abin ke tasar masa, wani kuma bushewar hunturu ke ƙara masa azaba. Wannan ba ya warkewa kwata-kwata, lallaɓa shi ake yi da wanka da sabulun da likita ya zaɓa, da magunguna irin su Apoquel, wanda aka amince da shi a Amurka a 2013.

Alajin abinci shi ne mafi ƙaranci, ko da yake shi mutane suka fi saurin zargi. Naman shanu, madara, kaza da alkama su ne kan gaba. Hanyar ganewa ita ce a ba kare abincin da bai taɓa ci ba har kimanin mako 8, ba ƙashi, ba ragowar tuwo daga hannun yara, sannan a mayar masa da tsohon abincin a ga ko susa za ta dawo. A gidan da ke da yara da yawa, wannan sharaɗi na ragowar tuwo shi ne aikin.

Ita ƙazuwa ta gaskiya tana nan, wani ƙwaro ne ke haƙa rami a cikin fata, ya fi cin gefen kunne da gwiwar ƙafar gaba, kuma yana iya tsallakawa jikin mutum ya bar masa ƙuraje masu ƙaiƙayi. Makero ma yana kama yara daga kare. Da ido ba a cika rarrabe su da alaji ba, sai likitan dabbobi ya kankari fatar ya duba a na'urar ƙara girma. Asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato suna yin wannan gwaji, haka ma asibitocin dabbobi na jihohi da dama.

Gargaɗi na ƙarshe a kan allurar dexamethasone da ake saya a kasuwa. Tana tsayar da susa cikin kwana ɗaya, shi ya sa ake ganin ta kamar sihiri. Amma idan ƙazuwa ce ko fata ta riga ta kama ruwa, allurar rufe ciwon take yi yana ci gaba a ƙarƙashi, kuma yawan maimaita ta yana sa kare shan ruwa da fitsari fiye da ƙima, fatarsa ta yi laushi, garkuwar jikinsa ta raunana. Ibuprofen na mutane kuwa yana huda masa ciki ya lalata ƙoda. Ranar zuwa asibiti kada a yi wa kare wanka, domin wanka yana wanke shaidar da likita ke nema. A riƙo kwalin duk maganin da aka riga aka ba shi, a kuma tuna watan da susar ta fara.