Camera Mouse: sarrafa kwamfuta da motsin kai

Wanda shanyewar jiki ta hana shi riƙe linzamin kwamfuta zai iya aiki da motsin kai kaɗai. Manhajar Camera Mouse, wadda James Gips da Margrit Betke suka ƙirƙira a Boston ta Amurka, kyauta ce tun 2007. Ana zaɓar wuri guda a fuska, galibi kan hanci, kyamarar kwamfuta ta riƙa binsa. Kai ya karkata dama, kibiyar allo ta bi. In ta ɗan tsaya a kan harafi, an danna ke nan. Da haka yaron da ba ya iya magana yake rubuta buƙatarsa. Matsalarta duhu: a ɗaki marar haske hancin kan ɓace wa kyamara, sai wani ya sake saitawa.