Ina Amfanin Rubuce-rubucen Likitocin MSF?

Ƴan'uwa mutanen Magarya da Dungas, kun san likitocin MSF. Tun 2005, shekarar yunwa, suke aiki a yankinmu. Wanda ya taɓa kai yaro asibitin Magarya ya ga yadda suke awon dantse, su ɗora yaro a sikeli, su rubuta. Wasu na cewa: wannan rubutu duka na mene ne?

Wani rubutun na jinyar yaron ne. Wani kuma na bincike ne. MSF tana da reshen bincike mai suna Epicentre, yana da mazauni a Maraɗi. Aikinsa shi ne gwada magani a kan ƙa'ida, a ƙidaya waɗanda suka warke, a buga sakamako don likitocin duniya su karanta.

Ga misali. Zawo mai tsanani yana kashe jarirai. Akwai maganin rigakafinsa da ake ɗigawa a baki, amma zafi yana lalata shi, ga shi ƙauyuka da yawa ba firji. Daga 2014 aka gwada wani sabo, ƙirar Indiya, wanda ke jure zafi. An gwada shi a Madarunfa, ga jarirai fiye da 3,500. Ya rage zawo mai tsanani na ƙwayar rota da wajen kashi biyu cikin uku. Aka buga labarin a wata babbar mujallar likitoci ta Amurka a 2017. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. Jariran Madarunfa ke nan suka yi wa na wasu ƙasashe rana.

Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bai wa yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5, wata-wata da damina, an fara raba shi a Nijar a 2013. Magarya tana cikin wuraren farko. Daga baya aka bi sawu a nan don a ga ko yana kare yara. Da katin nan da ake yi wa alama ake gane wanda ya sha. Uwargida, a adana shi, kada ruwa ya jiƙa shi.

In an nemi sa ɗanku cikin bincike, dole a yi muku bayani da Hausa tukuna. Ku tambayi amfaninsa da illarsa. Kuna iya yarda, kuna iya ƙi. In kun ƙi, ba a hana yaro magani.