Tsaron sadarwar Wi-Fi

Tsaron sadarwar Wi-Fi shi ne matakan da mai kula da kwamfutoci a ofis, makaranta, asibiti ko shago yake ɗauka domin hana baƙo shiga sadarwar da ba ta amfani da kebul, da kuma hana shi karanta abin da ke wucewa ta cikinta. Wanda yake son kutsawa cikin sadarwar kebul sai ya shiga ginin ya jona na'urarsa. Wi-Fi kuwa siginar rediyo ce, tana ratsa bango ta fita titi, kuma duk wanda ya zauna a bakin ƙofa da laftof ko wayar salula zai iya kama ta. Saboda haka tsaron ya rataya ne a kan abu biyu: tantance wanda zai shiga, da rufe saƙonni da mabuɗin sirri ta yadda wanda ya tsinci siginar ba zai gane komai ba.

Ana kiranta “sadarwa mara waya” a Hausa, sai dai sunan yana da ɗan rikitarwa, tunda kalmar “waya” tana nufin igiyar lantarki kuma tana nufin salula. Igiyar ake nufi a nan.

Tarihi

Cibiyar injiniyoyi ta IEEE ce ta fitar da ƙa'idar 802.11 a shekarar 1997, kuma a cikinta aka sa tsarin tsaro na farko mai suna WEP. Tsarin yana rufe saƙo da lissafin RC4, yana haɗa mabuɗin sadarwar da wata gajeriyar lamba mai bit 24 da ke sauyawa a kowane saƙo. Lambar ta yi gajarta. Adadin da za ta iya ɗauka bai kai miliyan 17 ba, don haka a sadarwar da ake yawan aiki da ita ba ta daɗewa take maimaituwa. A shekarar 2001 masana uku, Scott Fluhrer da Itsik Mantin da Adi Shamir, suka nuna cewa wanda ya tattara saƙonni masu yawa zai iya lissafo mabuɗin kansa. Bayan ƴan shekaru aikin ya koma na mintuna kaɗan da manhajar da kowa zai iya saukewa kyauta.

Kamfanoni da yawa ba su yi saurin barin WEP ba, kuma kamfanin TJX na Amurka ya ɗanɗana kuɗarsa. Masu kutse sun shiga kwamfutocinsa ta Wi-Fi ɗin wasu shagunansa na Marshalls a shekarar 2005, ba a sanar da lamarin ba sai a watan Janairu na 2007. Lambobin katin banki sama da miliyan 45 aka kwashe. An yanke wa jagoran ɓarayin, Albert Gonzalez, ɗaurin shekara 20 a 2010.

Ƙungiyar Wi-Fi Alliance ta fito da WPA a 2003 a matsayin faci, domin tsoffin na'urori su samu sauƙi kafin a gama sabuwar ƙa'ida. A 2004 aka amince da ƙa'idar 802.11i, wadda aka fi sani da WPA2, mai aiki da lissafin AES. Daga 2006 ya zama dole ga duk sabuwar na'urar da ke son ɗaukar tambarin Wi-Fi. A watan Oktoba na 2017 Mathy Vanhoef na jami'ar KU Leuven a Beljiyam ya bayyana harin KRACK, wanda yake yaudarar na'ura ta sake amfani da mabuɗin da ta riga ta yi aiki da shi. An toshe wannan ɓarakar ta hanyar sabunta manhaja, ba a jefar da WPA2 ba. WPA3 ya fito a 2018. Shi ma an gano masa rauni a 2019 a binciken da aka sa wa suna Dragonblood, aka gyara, kuma tun watan Yuli na 2020 ake wajabta shi ga sabbin na'urori masu neman tambarin.

Yadda ake kutse

Hanyar da ta fi yawa a yau ba ta buƙatar karya AES. Duk lokacin da waya ta haɗu da rawuta a tsarin WPA2, sai su yi musayar saƙonni huɗu domin kowa ya tabbatar ɗayan ya san kalmar sirri. Mai kutse yana naɗar wannan musayar daga nesa, ya tafi da ita gida, ya sa kwamfutarsa ta riƙa gwada kalmomi ɗaya bayan ɗaya. Rawutar ba za ta san ana yi ba, tunda ba ita ake tambaya ba, balle ta kulle shi. Idan ma babu wanda ke haɗuwa a lokacin, zai iya aika saƙon ƙarya da zai cire wata waya daga sadarwar, ta sake haɗuwa, shi kuma ya naɗa.

A nan ne zaɓin kalmar sirri yake da nauyi. WPA2 yana karɓar haruffa 8 zuwa 63. Lambar waya ta Najeriya tana da lambobi 11, amma farkonta sananne ne, kamar 0803 ko 0806, saura lambobi bakwai kacal, wato gwaji miliyan goma ga kowane farko. Kwamfuta mai katin hoto mai ƙarfi tana gama wannan cikin ɗan lokaci. Sunan ofis da shekara a ƙarshe ya fi haka rauni. Kalmomi biyar ko shida da ba su da alaƙa da juna sun fi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma sun fi sauƙin tunawa. Babban abin da WPA3 ya kawo shi ne tsarin musaya mai suna SAE, wanda ke hana wannan gwajin na bayan fage: kowane gwaji sai an tunkari rawutar kai tsaye.

WPS wata ƙofa ce da aka yi domin sauƙaƙa haɗa na'ura da lamba takwas. A watan Disamba na 2011 Stefan Viehböck ya nuna cewa rawuta tana duba lambar ne rabi-rabi, kuma lamba ta takwas ta tantancewa ce kawai. Gwajin da ya kamata ya kai miliyoyi sai ya dawo 11,000. Wanda ya samu lambar, rawutar da kanta za ta miƙa masa kalmar sirri komai tsawonta.

Akwai kuma sadarwar bogi. Mutum ya kunna tasa na'urar da suna iri ɗaya da na makaranta ko otal, waya ta haɗu da ita, ya nuna shafi yana neman kalmar sirri ko bayanan banki.

Aikin mai kula da sadarwa

Shawara mafi girma da mai kula zai yanke ita ce ko kowa zai yi amfani da kalmar sirri guda, ko kowane mutum zai samu tasa. Kalma guda ta isa ga gida ko ƙaramin shago. A ofis mai ma'aikata hamsin kuwa ba ta daɗewa a matsayin sirri. Ana rubuta ta a allo, ana faɗa wa baƙo, kuma tun daga Android 10 waya tana iya nuna ta a matsayin lambar QR ga duk wanda ya roƙa. Idan ma'aikaci ya bar aiki, babu yadda za a cire shi shi kaɗai sai an sauya wa kowa, abin da ba kasafai ake yi ba. Tsarin manyan ma'aikatu yana amfani da ƙa'idar 802.1X da sabar RADIUS, inda kowa ke shiga da sunansa, ana iya rufe asusun mutum ɗaya, ana kuma sanin wanda ya shiga da lokacin da ya shiga. A kan wannan tsarin aka gina eduroam da jami'o'i ke amfani da shi a ƙasashe da dama. Sharaɗinsa shi ne a saita wayoyi su riƙa duba takardar shaidar sabar, in ba haka ba sadarwar bogi za ta karɓe sunaye da kalmomin sirri cikin sauƙi.

Na biyu shi ne raba sadarwa. Wi-Fi ɗin baƙi da ɗalibai bai kamata ya ga kwamfutar albashi ko ta sakamakon jarrabawa ba, haka ma kyamarorin tsaro da firinta gara a ware musu ɓangarensu. Sauran aikin na yau da kullum ne: kashe WEP da WPS, sauya kalmar shiga shafin saitin rawuta daga wadda ta zo da ita daga kamfani, sabunta manhajar rawutar, da zagaya gini lokaci-lokaci don gano na'urar da wani ma'aikaci ya jona ba da izini ba.

Abubuwa biyu sun yi suna fiye da amfaninsu. Ɓoye sunan sadarwa ba ya ɓoye ta, domin wayoyin da suka san ta suna kiran sunan a fili. Jerin lambobin MAC na na'urorin da aka yarda da su shi ma bai hana komai ba, tunda lambar tana tafiya a buɗe kuma ana iya kwaikwayon ta.

A Najeriya

A garuruwa irin su Lambara, Shagari da Boɗinga a jihar Sakkwato, intanet yawanci ta layin salula yake zuwa. Wi-Fi ɗin da ake samu a irin waɗannan wurare ƙaramar rawuta ce mai ɗauke da layin MTN, Airtel ko Glo, ko kuma waya da aka mayar hotsifot. Sau da yawa babu wani ma'aikacin kwamfuta, malami ko akawu ne yake riƙe da ita. Asarar da aka fi saurin gani ita ce datar da ke ƙarewa kafin wata ya ƙare, amma idan kwamfutar da ke ɗauke da bayanan marasa lafiya ko na ɗalibai tana kan wannan sadarwar, abin ya wuce batun data. Irin waɗannan na'urori suna zuwa da kalmar sirri a rubuce a jikinsu ko a ƙarƙashin batir, kuma shafin saitin da yawa daga cikinsu yana buɗewa da kalmar “admin”.

Dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta kutse cikin kwamfuta da satar sauraren bayanai ba da izini ba. Gyaran da aka yi mata a 2024 ya rage wa'adin kai rahoton hari ga cibiyar ngCERT, da ke ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, daga kwana bakwai zuwa sa'o'i 72. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ta kafa hukumar NDPC, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su, ta kuma ba shi sa'o'i 72 ya sanar da hukumar idan bayanan suka fita ta yadda zai iya cutar da masu su.